Hotunan kilisa sun lalace min: ni ne ban iya ba, ko GoPro dama ba ta hoto ba ce?

Abbati: Assalamu alaikum 'yan zaure. Masu harkar hoto a taimaka min don Allah. Yayana ne ya aiko min da ƙaramar kyamarar nan GoPro HERO11 tun bayan babbar sallah, kuma bidiyo kawai nake yi da ita. Ranar Asabar abokina ya fitar da dokinsa kilisa wajen filin sukuwa, na ce bari in gwada hoto. Na ɗauki sun fi 60. Da na tura su waya, wallahi babu guda biyar da zan iya nuna wa mutum. Dokin ya fito ɗan mitsitsi can nesa sai ka ce akuya, ƙafafunsa sun narke, katangar da ke bayansa ta lanƙwashe kamar baka, ga wani fari-fari ya lulluɓe komai. Kuma a kwalinta an rubuta megafiksel 27. Wayata mai araha ta fi ta fitar da fuska.

Nura Mai Tacewa: Wa alaikumus salam. Ai ita ba ta hoto ba ce, abokina. Kunna bidiyo ka huta, daga baya ka ciro hoton da kake so daga ciki. Ni haka nake yi shekara uku.

Baba Mai Hoto: Nura, ka cika gaggawa. Likita ba ya rubuta magani sai ya tambayi ciwo. Abbati ɗana, amsa min uku. Ƙarfe nawa ka ɗauka? Taku nawa ne tsakaninka da dokin? Me ke rubuce a ƙasan sikirin lokacin da kake dannawa?

Abbati: Baba, wajen shida saura kwata ne, rana ta kusa faɗuwa, kuma akwai hazo sosai ranar. Ina tsaye bakin shinge, zai kai taku talatin. A sikirin kuwa SuperPhoto na gani, na zaci shi ne mafi kyau tunda sunansa ya nuna.

Baba Mai Hoto: To ka tara laifi uku wuri ɗaya, kuma babu na kyamara a ciki.

Na farko nisa. Idon wannan kyamarar faɗi gare shi, an yi shi ne don ya kwaso duk abin da ke gabanka, daga sama har ƙasa. Abin da ke taku talatin daga gare ka, a wajenta yana Wudil. Kuma ba ta da gilashin zuƙowa irin na manyan kyamarori. Wannan zum ɗin da kake ja da yatsa yanko tsakiyar hoton kawai yake yi ya buɗa shi, ba ya ƙara komai. Ƙafarka ita ce zum ɗinka.

Na biyu haske. Shida saura kwata a hunturu, ga hazo, ai magariba ta kawo kai. Kyamara ta ga duhu, sai ta bar idonta a buɗe ya daɗe don haske ya shiga. Doki kuwa ba zai tsaya jiranta ba. Shi ya sa ƙafafun suka narke.

Na uku shi SuperPhoto ɗin. Ba mugun abu ba ne, amma ba na abin da ke gudu ba ne. Duba wurin yake yi ya zaɓi gyaran da ya ga ya dace, wani lokaci ya ɗauki hotuna fiye da ɗaya ya haɗe su. Idan Dutsen Dala ka sa a gaba, sai ya fito maka da sama da ƙasa tsaf. Idan doki ne, kafin ya gama haɗe-haɗensa dokin ya bar wurin. Kuma bayan kowane hoto sai ka jira shi ya gama tunani kafin ka sake dannawa.

Injiniya Bashir: Bari in sa wa maganar Baba lissafi, don a ga girman abin. A ce doki yana sukuwa kilomita 45 a awa, wato mita 12 da rabi ke nan a sakan ɗaya. Idan shota, wato ƙiftawar idon kyamara, ta buɗe 1/125 na sakan, dokin ya matsa santimita 10 kafin ta rufe. Faɗin tafin hannu ke nan, dole ya yi dishi-dishi. Idan ka kai ta 1/1000, santimita ɗaya da 'yan kai kawai zai matsa. Kofato ma ya fi jikin dokin sauri, shi ya sa shi ne ke fara ɓacewa.

Abbati: Injiniya na duba ko'ina ban ga inda ake canja shotar ba.

Injiniya Bashir: HERO11 tana zuwa ne a saitin 'yan koyo. Ja sikirin daga sama zuwa ƙasa, ka nemi Controls, ka mayar da shi daga Easy zuwa Pro. Sai ka shiga Photo, wajen Output ka cire SuperPhoto ka sa Standard, don muddin yana kai ba zai bar ka ka taɓa Protune ba, wato saitunan da kake juyawa da kanka. A cikin Protune ɗin za ka ga Shutter, da ISO Min da ISO Max, da EV Comp, da White Balance. Can ne sitiyarin motar yake.

Nura Mai Tacewa: Kun gani ko? Yaro yana son hoton doki, kun sa shi karatun digiri. Ni dai na faɗa, kamfanin nan bidiyo ya sani.

Malam Auwalu: Nura, a nan kam tarihi bai goyi bayanka ba. Nick Woodman ya kafa kamfanin a 2002, kuma kyamarar farko da ya fitar a 2004 ta fim ce mai milimita 35, irin wanda Baba yake wankewa a da. A wuyan hannu ake ɗaura ta, masu wasa da igiyar ruwa a teku su ɗauki kansu. Hoto kawai take yi, ko sakan ɗaya na bidiyo babu. Bidiyon ne baƙo a gidan.

Baba Mai Hoto: Allah ya yi maka albarka Malam. Fim mai ɗaukar 36, in ka ɓata ɗaya ka ɓata kuɗi. Mu da shi muka yi hawan Daushe a Ƙofar Kudu, kana tsugune, dawakai na tahowa jahi, ƙasa na girgiza, kuma dama ɗaya gare ka.

Nura Mai Tacewa: Ranka ya daɗe, ban raina wannan ba. Amma a yi maganar gaskiya. Ita HERO11 ɗin da ke hannunsa, in ya ɗauki bidiyon 5.3K a tsarin 8:7, kowane firam, wato hoto ɗaya cikin jerin da ke haɗa bidiyo, da ya ciro ta manhajar GoPro mai suna Quik megafiksel 24.7 ne. Hoton asali 27. Meye tazarar? In ya sa 5.3K na 16:9 mai firam 60 a sakan, kowanne kusan 15.8 ne, kuma yana da sittin a kowane sakan da zai zaɓa a ciki. Wane yatsa ne zai yi wannan? Ango ya ɗaga sanda, doki ya yi zamiya, ƙura ta tashi, duk suna ciki. Ni ba na rasa lokaci, mai danna hoto ɗaya-ɗaya shi ke rasawa.

Injiniya Bashir: Lambobinka daidai ne Nura, amma ka ɓoye abu biyu. Bidiyo matse shi ake yi sosai don ya shiga memori. Ba kowane firam ake ajiyewa cikakke ba, yawancinsu bambancin da ke tsakaninsu da na kusa da su ake rubutawa. Wuri mai ƙura, da gezar doki, da adon jalala, nan ne matsin yake fara cin ƙananan abubuwa. Ka buɗa hoton a kwamfuta za ka ga ƙurar ta zama kamar kunu. Na biyu, in ka bar shotar bidiyo a Auto da yamma, kowane firam da ka ciro zai fito da narkakkiyar ƙafa irin ta Abbati. Sittin ɗin naka duk marasa lafiya ne.

Nura Mai Tacewa: Ai ina ɗaure ta a 1/480 ko 1/960, in kuma sa Bit Rate a High don matsin ya ragu.

Injiniya Bashir: To ashe kai ma ka yi digirin da kake hana shi.

Ɗan Fagge: Hahaha Injiniya ka kama shi hannu dumu-dumu.

Injiniya Bashir: Ƙari kaɗan tunda an zo nan. Wutarmu a Najeriya mai 50Hz ce, ba irin ta Amurka mai 60 ba. Duk mai ɗaukar bidiyo a ɗakin taro ko ƙarƙashin ƙwan lantarki ya mayar da Anti-Flicker 50Hz, in ba haka ba zai ga haske na rawa. Sai dai firam ɗin zai koma 25 da 50 maimakon 30 da 60, kada mutum ya zaci ta lalace. A fili da rana ba ruwanka da wannan.

Abbati: To ni yanzu wanne zan bi? Kun raba min hankali biyu.

Baba Mai Hoto: Akwai hanya ta tsakiya, Burst. Dannawa ɗaya, ta zubo maka hotuna a jere, kuma hotuna ne na gaske, ba yankin bidiyo ba. Tana iya yin har 30 a sakan ɗaya, amma ni ban ba ka shawarar wannan ba, sakan ɗaya kafin ka ce kwabo ya wuce, kuma za ka tsaya jiran ta gama zuba su a memori doki na biyu ya wuce ka. Sa 10 a sakan ɗaya, ko 30 a sakan uku. Ka danna tun dokin bai iso gabanka ba.

Injiniya Bashir: Sai dai a Burst kyamara ce ke zaɓar shota da kanta. Dabarar ita ce ka ɗaga ISO Min zuwa 400, ka tsayar da ISO Max a 800. Tunda ka ƙara mata jin haske, dole ta gajarta shota don kada hoton ya ƙone. Kada ka wuce 800 in ba dole ba. Sensar, wato abin da ke karɓar haske a cikinta, ƙarama ce, ba ta kai farcen babban yatsa ba, da ka matsa mata sai hoto ya cika da tsaki-tsaki kamar an watsa gero.

Sadiya: Ni HERO9 gare ni, akwai wani LiveBurst a ciki, yana ɗaukar sakan ɗaya da rabi kafin ka danna da sakan ɗaya da rabi bayan ka danna. Da shi nake kama yarana in suna tsalle, don kullum a makare nake dannawa.

Abbati: Anti ban gan shi a tawa ba.

Malam Auwalu: Wannan gardamar taku ta tuna min wani abu. A 1878, a jihar Kalifoniya, wani mai hoto Eadweard Muybridge ya jera kyamarori 12 a gefen hanyar sukuwa, aka ja zare a ƙasa, doki na wucewa yana tayar da su ɗaya bayan ɗaya. Abin da ake son a gano shi ne ko akwai lokacin da ƙafafun doki huɗu duk suke barin ƙasa. Aka ga akwai, kuma lokacin da ya tattaro su ƙarƙashin cikinsa ne, ba lokacin da ya miƙe su ba kamar yadda masu zane suka saba yi. Wato Burst ɗin farko a duniya ma saboda doki aka yi shi.

Ɗan Fagge: Malam kullum sai ka kai mu aji. Da sun zo barga a Kano sun tambayi yaron doki ai da an huta da zare.

Baba Mai Hoto: Abbati, akwai abin da ka faɗa tun farko da ya tsaya min a rai, wannan fari-farin da ya lulluɓe komai. Hazo yana yin haka, amma ba shi kaɗai ba. Ɗauko kyamarar yanzu, ka karkata gilashin gaba wajen haske, ka gaya min abin da ka gani.

Abbati: Innalillahi. Baba, shatin babban yatsana ne a kai ɓaro-ɓaro. Har da maiƙo.

Baba Mai Hoto: Man basilin. Na san za a rina. Duk hunturu sai an kawo min irin wannan, mutum ya shafe hannu da mai saboda kaushi, ya cusa hannu aljihu ya damƙo kyamara ta fuska. Gilashin nan ƙarami ne, yatsa ɗaya ya rufe shi duka, kuma rana na dukansa sai hasken ya watse. Amma kada ka goge da bakin riga. Ƙurar hunturu yashi ce mai laushi, in ka murza ta a kan gilashi ka yi masa zane. Fara hure ta, sannan ka sa ƙyallen goge tabarau mai tsabta. In ma ya riga ya karce, murfin gaban na irin taka ana murɗe shi a cire a sa sabo.

Nura Mai Tacewa: Wannan kam ko bidiyo ba ya maganinsa, na yarda.

Hajiya Ummi Kwari: Salamu alaikum, ku yi haƙuri in shigo da tawa tunda masana sun hallara. Ina sayar da atamfa da leshi a Kantin Kwari, yawancin cinikina ta WhatsApp ne. Maigidana yana da wata kyamara mai kama da GoPro, DJI Osmo Action 4, na ce bari in riƙa ɗaukar kaya da ita ko za ta fi waya. Atamfa mai ruwan hoda sai ta fito kamar ruwan goro, wata mata a Zariya har ta dawo min da turmi biyu ta ce ba kalar da ta gani ba ce. In na matso don a ga zanen leshi kuma sai ya yi bishi-bishi.

Baba Mai Hoto: Wa alaikumus salam Hajiya. Matsalar kala daga ƙwayayen shagonki ne. Wani fari, wani ja-ja, ga hasken rana na shigowa ta ƙofa, kyamara ta rasa wanda za ta bi, kowane hoto da irin hukuncin da take yankewa. Fito da kayan bakin ƙofa inda inuwa take amma da haske, ki kashe ƙwan da ke kusa, ki cire White Balance, wato saitin da ke daidaita kala, daga Auto ki ɗaure shi wajen 5500K. Ki ɗauki hoton farar takarda ki gani, in ta yi shuɗi-shuɗi ki ƙara lambar, in ta yi ja ki rage, har ta fito fara. Daga nan kada ki sake taɓawa, duk kayan ranar su tafi a kansa.

Injiniya Bashir: Bishi-bishin kuma ba gyara gare shi ba Hajiya. Irin waɗannan kyamarorin idonsu a kafe yake, ba ya juyawa ya nemo abu kamar na waya. Action 4 tana fara gani sosai ne daga santimita 40, wato kusan kamu ɗaya. Duk abin da ya fi haka kusa ba zai fito ba. Kuma hotonta megafiksel 10 ne, ƙarfinta a bidiyo da wurin da haske ya yi ƙaranci yake, don sensarta ta fi ta HERO11 girma. Ni a ganina, don zanen leshi, wayarki ta fi ta.

Hajiya Ummi Kwari: Kai, Allah ya saka. Ashe wahalar banza nake. Bari in mayar masa da kayarsa.

Baba Mai Hoto: Kada ki mayar duka. Ranar da kika yi sabon kaya, tsaya a ƙofa ki ɗauki shagon gaba ɗaya da ita, daga ƙasa har rufi. Shagunan Kwari matsattsu ne, waya ba ta iya kwaso su, ita kuwa nan ne gidanta. Ki dai zaɓi saitin da ke miƙe layi don kantoci kada su lanƙwashe.

Abbati: Yauwa Baba, nawa lanƙwasar fa? Katangar nan.

Baba Mai Hoto: Wajen Lens akwai Wide akwai Linear. Wide shi ne mai lanƙwasa gefe, Linear yana miƙe layuka amma yana ɗan rage faɗi. In akwai gini ko mutane a tsaye, Linear. Kuma ka riƙe ta daidai ƙirjin abin da kake ɗauka, kada ka ɗaga bakinta sama ko ka sunkuyar, nan ne lanƙwasa ke ƙaruwa. Kada ka sa fuskar mutum a gefen hoto, sai kansa ya miƙe kamar gwanda. Amarya ba ta yafe wannan.

Mubarak: Ni ban yarda a guji Wide ba. Watan jiya na je karofin Ƙofar Mata, na roƙi wani dattijo izini, na ajiye kyamarar a bakin ramin daf da ruwan baba, kamu biyu daga hannunsa. Da ya ɗago zanen yana ɗiga, hannunsa shuɗi har gwiwa ya cika rabin hoton, sauran ramukan suka jeru a baya har bango. Lanƙwasar ce ma ta ba shi kyau, kamar ramin zai haɗiye ka. A RAW na ɗauka, kuma RAW a Wide kawai yake aiki, ba ya yi a Linear.

Ɗan Fagge: Da ka tsoma ta ciki mana, ba an ce tana shiga ruwa mita 10 ba?

Mubarak: Ruwa aka ce, ba baba da toka ba. Tsoma taka mu gani, ka dawo da kyamara mai rawani.

Abbati: Meye amfanin RAW ɗin? Na taɓa kunna shi, na ga fayil biyu, ɗaya ya ƙi buɗuwa a waya.

Mubarak: Shi ne mai .GPR a ƙarshe, ɗayan JPG ne na gani da ido. JPG kamar tuwo ne da aka riga aka tuƙa, RAW kuwa gari ne, kai za ka tuƙa yadda kake so. Manhajar tace hoto ta Lightroom tana buɗe shi, har ta waya. A lokacin hazo yana da rana sosai, don za ka iya rage farin, ka dawo da kalar sama, ka gyara White Balance bayan an gama, ka kuma miƙe lanƙwasar in ka ga dama. Amma yana cin wuri, yana da nauyin ajiyewa, kuma in ba za ka zauna tacewa ba kada ka wahalar da kanka.

Baba Mai Hoto: In ba RAW za ka yi ba, ga abu biyu. EV Comp, mai ƙara ko rage hasken hoto, ka sauke shi zuwa -0.5, don sararin Kano fari ne fat a wannan lokacin, kuma farin da ya ƙone ba ya dawowa, duhu kuwa ana iya ɗago shi. Farin rawani da farar babbar riga su ma haka. Sharpness kuma in yana kan High ka sauke shi, yana sa wa gefen abubuwa wani kaifi na ƙarya, fuska ta fito kamar an zana da biro.

Sadiya: Tunda ana yi, hoton dare fa? Ina son in ɗauki fitilun gari daga sama.

Mubarak: Night Photo. Shotarsa tana kaiwa sakan 30, akwai 2, 5, 10, 15, 20 a tsakani. Sharaɗi ɗaya, kada ta motsa ko kaɗan. Ɗora ta a kan mai ƙafa uku ko kan dutse, ki sa ISO Max a 100 ko 200, ki kunna Timer na sakan 3 don girgizar yatsanki ta lafa kafin ta buɗe. Na yi daga kan Dala bayan magariba da sakan 10, sama da sauran shuɗi, fitilun cikin gari sun kunnu, ya yi kyau ƙwarai. In titi ne, fitilun motoci da na adaidaita sahu sai su zama dogayen zare ja da fari. Daga HERO11 ma an sa wasu saituna na musamman a ɓangaren Time Lapse, na taurari da na fitilun mota.

Ɗan Fagge: Anti Sadiya in za ki hau Dala da dare ki tafi da maza uku. Sakan 30 ɗin nan ya ishi mai ƙwacen waya ya kai Kurna.

Shugaban Zaure: Gaskiya ne wannan, a kula. Kuma ina tunatar da mu, idon kyamarar nan yana kwaso wanda ba ka nufa ba. A kasuwa ko wajen biki, a duba gefen hoto kafin a watsa, musamman matan mutane da yara. Mubarak ya kyauta da ya nemi izini.

Nura Mai Tacewa: Abbati wane memori ka sa mata? Na taɓa sayen wani a wani shago, an rubuta 128GB, araha kamar kyauta. Ranar ɗaurin auren abokina ya cika a 8, sauran duk fayil ne marasa buɗuwa. Ka nemi mai alamar V30 ko U3, kuma ranar da ka saya ka cika shi da bidiyo har ƙarshe ka duba ko na farko da na ƙarshe duk suna buɗuwa. Burst da RAW ba sa tafiya da memori mai nawa.

Abbati: Wanda Yaya ya haɗo da ita ne, V30 ne na duba. Na gode ƙwarai jama'a. Asabar mai zuwa zan koma in sha Allah.

Abbati: Salam 'yan zaure, na dawo da rahoto. Na je ƙarfe huɗu da rabi, rana na bayana. Na goge gilashi tun daga gida na kuma hana kaina shafa mai. Na ɗaura ta a gajeriyar sanda, na tsuguna a cikin shinge, na miƙa sandar ƙasa-ƙasa, dokin na wucewa kamar taku huɗu daga gare ni. Burst 10 a sakan, ISO Min 400, EV -0.5, Linear. Zagaye na farko na makara, wutsiya kawai na samu, goma reras. Na biyu na yi wuri, fili kawai. A na huɗu ne na gane in danna lokacin da kansa ya zo daidai wani turke da na sa wa ido. Ga guda uku na tura. Na tsakiyan nan ku duba, ƙafafu huɗu duk a sama, yadda Malam ya ce, har ana ganin ƙaimi da zaren jalala. Na sha ƙura kam, har cikin kunne. Na ƙarshen kuma da aka tsaya ne ya zo yana shinshinar kyamarar, hancinsa ya fito kamar turmi.

Sadiya: Ma sha Allah! Kamar ba kyamara ɗaya ba.

Baba Mai Hoto: Madalla ɗana. Na tsakiyan ya yi. Ka ɗan datse saman hular mahayin, gaba ka ɗaga sandar kamar yatsa huɗu. Kuma taku huɗu ya isa, kada daɗi ya ja ka ka ƙara matsawa, doki ba ya duba wanda ke tsugune.

Nura Mai Tacewa: Ya yi kyau, ba ƙarya. Amma zagaye uku ka yi asara kafin ka samu. Da bidiyo ne tun na farko an gama.

Injiniya Bashir: Kilisa ce, dokin zai sake zagayowa. In ɗaurin aure ne ko jahi da ba a maimaitawa, ni ma bidiyon zan kunna, in ɗaure shota. Wannan na ba ka.

Abbati: Mai dokin ya ce yana son a wanke masa babba ya rataye a shago. Baba in turo maka ta nan?

Baba Mai Hoto: A'a, WhatsApp matse hoto yake yi, megafiksel ɗinka 27 su dawo abin tausayi. Ko ka turo shi a matsayin fayil, ko ka zo da memorin da kanka, ina shago bayan azahar.

Nura Mai Tacewa: Ni ma zan zo da nawa na hawan angwancin da na yi wancan watan, wanda na ciro daga 5.3K. A wanke su girma ɗaya a jera a kan tebur, Injiniya da Mubarak su yi alƙalanci. Wanda ya faɗi ya sayi gurasa da tsire.

Baba Mai Hoto: Na karɓa. Ka taho da kuɗinka a aljihu, mai gurasar layinmu ba ya karɓar tiransifa.